Bindigar gwajin ma'adinai a cinikin monazait na Legas: abin da take gani da abin da ke ɓace mata

Na'urar XRF ta hannu, wadda 'yan kasuwar ma'adinai ke ce wa bindiga saboda siffarta da kunamar da ake dannawa, ta zama mai raba gardama a cinikin monazait, wani yashi mai nauyi da ake saye don sinadarai masu wuyar samu da ke cikinsa. Kaya su taso daga Filato ko Nasarawa a tirela, a sauke su a sito kafin su shiga kwantena a Apapa ko Tin Can, mai saye ya ɗora bakin na'urar a kan buhu, bayan daƙiƙa 30 lamba ta fito, kuma a kan lambar nan ake yanka farashi. Hukuncinmu shi ne na'ura ce mai kyau ƙwarai wajen tantance kaya da kama algus, matuƙar mai ƙarfin lantarki kilobolt (kV) 50 ce kuma an shirya samfurin yadda ya kamata. Amma ba ta isa a rufe cinikin kwantena guda da ita kaɗai ba, kuma ba ta san sunan ma'adini ba. Sinadarai kawai take ƙirgawa, su ma ba duka ba.

Aikinta a taƙaice: akwai ƙaramar kwalba mai fitar da hasken eksire a cikinta. Hasken ya bugi samfur, kowane sinadari ya mayar da nasa hasken a wani ma'aunin ƙarfi da aka san shi da shi, wanda ake aunawa da keV. Ido mai karɓa ya ƙirga, kwamfutar ciki ta mayar da ƙirgar kashi cikin ɗari. Tagar da take kallo ta cikinta ba ta wuce milimita 8 ko 9 a faɗi ba. Duk wata rigima da za ta biyo baya daga waɗannan abubuwa biyu take tasowa: ƙanƙantar taga, da kuma sinadaran da haskensu ya yi kusa da juna har ido ya kasa raba su.

Shi monazait ma'adinin fosfet ne, wato fosfaras da oksijin a haɗe da siriyam, lantanam, niyodimiyam da farasiyodimiyam, sannan toriyam ya samu wurin zama a cikinsu. A ƙasar nan mafi yawansa daga ragowar wankin kuza yake fitowa, tare da zarkon, ilmenait, kolambait da ɗan zinotaim, wanda shi ma fosfet ne amma na itiriyam. Launinsa ruwan zuma ne zuwa ja-ja mai duhu, ƙyallinsa kamar na ƙaro. Taurinsa 5 zuwa 5.5 a ma'aunin Mohs, nauyinsa kuma yawanci ninki 5 ne na nauyin ruwa ko sama kaɗan, yana ƙaruwa idan toriyam ya yi yawa. Mai saye ba fosfaras ɗin yake biya ba. Jimillar sinadarai masu wuyar samu yake biya, wadda ake lissafawa a matsayin oksaid, wato haɗe da oksijin, ake kuma rubutawa TREO a takardun ciniki, musamman rabon niyodimiyam da farasiyodimiyam da ake yin maganaɗisun motocin lantarki da su. Monazait tsantsa wanda babu toriyam a cikinsa, kusan kashi 70 ne TREO, kusan kashi 30 kuma P2O5, wato oksaid ɗin fosfaras. Da yake na kasuwa ba ya rasa toriyam da ɗan gaurayen yashi, kaya masu kyau sukan tsaya tsakanin 50 da 60. Wannan iyaka abin riƙewa ce. Duk allon da ya nuna TREO 78 ba sa'a mai kaya ya yi ba, na'urar ce ta ruɗe.

Maganar kV 50 ita ce ta farko da za a tambayi mai sayar da na'ura, tun kafin a tambayi farashi. Kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan huɗu, siriyam, lantanam, niyodimiyam da farasiyodimiyam, yana da haske iri biyu, mai rauni da mai ƙarfi. Mai raunin yana tsakanin keV 4.6 da 5.3, unguwar da ta cika da maƙwabta: titaniyam yana 4.51, bariyam 4.47, banadiyam 4.95, kuromiyam 5.41. Ilmenait kuwa titaniyam ne da ƙarfe, kuma da wuya yashin Jos ya rasa shi. Saboda haka na'urar da ta dogara da wannan haske tana iya ɗaukar ilmenait ta rubuta shi a matsayin lantanam ko siriyam. Mai ƙarfin yana can sama inda babu cunkoso: lantanam 33.4, siriyam 34.7, farasiyodimiyam 36.0, niyodimiyam 37.4. Sai dai kafin ya fito dole a bugi sinadarin da ƙarfin da ya wuce wata ƙofa, wato 38.9 ga lantanam, 40.4 ga siriyam, 42.0 ga farasiyodimiyam, 43.6 ga niyodimiyam. Kwalba mai kV 40 ba ta kai ƙofar siriyam ba ma, balle niyodimiyam da ake ciniki dominsa. Manyan kamfanoni suna da masu kV 50, irin su Vanta na Evident wanda a da Olympus ke yi, Niton XL5, da S1 Titan na Bruker, amma suna ɗaya yakan ƙunshi samfura daban-daban, wani 40 wani 50. A duba takardar na'urar, kada a tsaya ga sunan da ke jikinta. Ga mai son karanta fosfaras, kwalba mai rodiyam ta fi, domin hasken rodiyam na keV 2.7 yana dab da saman ƙofar fosfaras, yana tayar da shi sosai.

Ko da mai kV 50 ɗin, huɗun nan kaɗai take gani da kyau. Gadoliniyam, tabiyam da disforosiyam sun fi ƙarfin kwalbarta. A monazait wannan ba babbar asara ba ce, domin huɗun sukan kai kashi 90 na jimilla ko fiye. A zinotaim babbar asara ce. Na'urar za ta karanta itiriyam tsaf a keV 14.96, amma disforosiyam da tabiyam da ke ɗaga darajar zinotaim ba za ta faɗi komai a kansu ba. Mai zinotaim da ya yarda a yi masa farashi da bindiga ya sayar da kaya bai san abin da ke ciki ba.

Fosfaras shi ne wurin da muka fi ganin ana cin mutane ba tare da kowa ya yi niyya ba. Haskensa keV 2.01 ne. Zarkoniyam, sinadarin da ke cikin zarkon, yana da nasa a 2.04, itiriyam a 1.92. Idon na'ura mafi kyau ba ya raba haske biyu da tazararsu ta gaza kusan 0.14, nan kuwa tazarar 0.03 ce. Manhajar ciki tana ƙoƙarin cire rabon zarkoniyam ta hanyar lissafi, kuma idan zarkon kaɗan ne tana yin nasara. Idan ya kai kashi goma-goma, lissafin yakan zame, fosfaras ya kumbura. To zarkon shi ne abin da aka fi gauraya monazait da shi, domin nauyinsu ya yi kusa, 4.6 zuwa 4.7 ga zarkon, kuma a ido launinsu na iya kama da juna. Mai duba fosfaras kaɗai ya ce "ai fosfet ya cika" ya faɗa ramin da ya kamata na'urar ta tsallakar da shi. Abin yi shi ne a karanta lambobin tare. Kaya masu TREO 55 ya kamata P2O5 nasu ya zauna wajen 25 zuwa 27. Idan ya haura kuma zarkoniyam ya yi yawa, fosfaras ɗin na ƙarya ne. Idan ya haura tare da kalsiyam, akwai afatait a ciki, wato fosfet mai kalsiyam. Idan ya faɗi ƙasa ƙwarai alhali siriyam na sama, a fara zargin danshi ko leda kafin a fara tunanin wani ma'adini dabam.

Akwai irin wannan cakuɗewa a sama ma. Toriyam yana da haske a 15.6 da 16.2, zarkoniyam a 15.77, niyobiyam a 16.6, itiriyam kuma yana da na biyu a 16.7. Ke nan kaya masu toriyam ko itiriyam da yawa suna iya nuna niyobiyam da babu shi, mai kaya ya ɗauka kolambait, ma'adinin niyobiyam, ya samu kyauta a ciki. Na'urori masu kyau suna ba da damar a buɗe zanen hasken kansa a allo. Wanda bai iya kallon zanen ya ga ko tsaunin niyobiyam na gaske ne ba, rabin kuɗin na'urar ya tafi a banza.

Harbi ta jikin buhu kuwa ba gwaji ba ne. Hasken fosfaras rauni gare shi, daga 'yan maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) na saman ƙwaya yake fitowa, kuma ledar shago ta isa ta cinye mafi yawansa. Hasken siriyam mai ƙarfi yana ratsa ledar. Shi ya sa harbin buhu ke ba da siriyam mai kama da gaskiya da fosfaras na banza. Ga kuma halin yashi mai nauyi: tafiyar tirela daga Jos zuwa Legas tana girgiza buhu, ƙananan ƙwayoyi masu nauyi su sauka ƙasa, manya marasa nauyi su taso. Saman buhu da gindinsa kaya biyu ne daban.

Samfurin kirki ana ɗibarsa da bututun ƙarfe mai tsini, a soka daga sama, tsakiya da gindi, daga buhuna da yawa da aka zaɓa ba bisa layi ba, har a tara kilo 2 zuwa 5. A zuba a kan faranti mai tsabta, a cakuɗa, a tara shi tsibi, a baje, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a maimaita har ya rage kusan giram 200. A busar a zafin digiri 105 na awa biyu ko har nauyi ya daina sauka. A Legas wannan mataki ba a tsallake shi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, domin yashin da ya kwana a sito kusa da ruwa yana shan danshi ko ba a jiƙa shi ba, ruwa kuma yana danne fosfaras, silikon da aluminiyam. Sannan a niƙa giram 50 har ya wuce rariya mai maikiron 75. Turmin ƙarfe yana ƙara wa samfur ƙarfe, don haka na dutsen agat ya fi. Abin da ya ƙi wucewa ta rariya kada a zubar. Zarkon ne mafi yawansa, domin taurinsa 7.5 ne, ya fi monazait wuyar niƙuwa, kuma wanda ya zubar da shi ya tace kayansa da hannunsa ya samu lambar da kwantenar ba za ta bayar ba. A sake niƙa shi a mayar. A zuba garin a kofin gwaji mai faɗin milimita 32, kaurinsa ya kai santimita ɗaya ko fiye, a danne, a rufe da fatar folifurofilin mai maikiron 4. Fatar Mylar takan zo da ɗan fosfaras da kalsiyam a jikinta, ba ta dace da wannan aiki ba. Kowane zangon haske da na'urar ke bi yayin harbi a ba shi daƙiƙa 30 zuwa 60. A harba sau uku, ana zazzage kofin ana sake cika shi, a ɗauki matsakaici. Idan ukun sun yi nesa da juna, niƙan ne bai yi ba. Lambar kuskure da na'ura ke rubutawa a gefen sakamako ta ƙirga ce kawai, ba ta san komai game da yadda aka ɗebi samfur ba.

Wani wurin asarar kuɗi lissafi ne tsagwaronsa. Na'ura takan ba da sinadari zalla, kwangila kuma da oksaid ake rubuta ta. Lantanam ana ninka shi da 1.173, siriyam da 1.228, farasiyodimiyam da 1.208, niyodimiyam da 1.166, itiriyam da 1.270, toriyam da 1.138, fosfaras da 2.291. A ɗauka allo ya nuna lantanam 11.0, siriyam 22.0, farasiyodimiyam 2.4, niyodimiyam 9.0. Jimilla 44.4. Mai saye ya juya allon ya ce, "Alhaji, duba da idonka, kayanka ba su kai 45 ba." Idan aka mayar da su oksaid, 12.9 ne da 27.0 da 2.9 da 10.5, wato 53.3, ba a ma sa samariyam da sauran da na'urar ba ta gani ba. Maki tara ke nan tsakanin lambobin biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Amsar da ta dace ita ce, "Ranka ya daɗe, wannan sinadari ne ko oksaid?" Yawancin na'urori ana iya saita su su nuna oksaid kai tsaye.

Saitin da ta zo da shi daga masana'anta ma ba don monazait aka yi shi ba. An daidaita shi da duwatsu da ƙasa, inda siriyam kaɗan ne ƙwarai. Samfurin da kashi 22 nasa siriyam ne, ga toriyam mai shanye haske, ya fita daga da'irar da na'urar ta saba. Sakamakon yakan karkace gefe ɗaya a kai a kai, sama ko ƙasa. Wannan karkata mai gyaruwa ce, kuma nan ne na'urar ke nuna darajarta, domin tana maimaita kanta da kyau. A ɗauki samfura 10 zuwa 15 na irin kayan da ake ciniki, daga marasa kyau zuwa mafi kyau, a raba kowanne biyu, rabi ya tafi ɗakin gwajin da ke narkar da samfur da litiyam boret kafin aunawa. Narkarwar tana da muhimmanci, domin monazait da zarkon ba sa narkewa duka a ruwan asid na yau da kullum. A jera lambobin ɗakin gwaji da na bindiga, a fitar da ma'aunin gyara na kowane sinadari, a shigar a na'ura. A ajiye biyu daga cikin samfuran a kwalba mai murfi, kowace safiya a harbe su tare da garin silika tsantsa. Silikar ta nuna siriyam, taga ta yi datti. Gyaran da aka yi da yashin Filato kada a ɗora shi a kan fosfet na Sakkwato ko na yankin Ifo a Jihar Ogun, domin waɗannan dangin afatait ne, kalsiyam ne ginshiƙinsu, kuma su P2O5 ake saye. Masu sayen irin wannan sukan yi magana da BPL, wanda shi ne P2O5 a ninka da 2.185.

Yanzu ga abin da na'urar ba za ta taɓa yi ba, kome tsadarta. Ma'adini sinadarai ne da kuma zubin da ƙwayoyin zarra suka jeru a kai, wato kiristal. Monazait da zinotaim tsarin sinadarinsu iri ɗaya ne, fosfet ɗaya ga ƙarfe ɗaya, amma zubinsu ya bambanta. A monazait zubin a karkace yake, kowane ƙarfe oksijin tara ne ke kewaye da shi, gurbin yana da faɗi, sai manyan ƙwayoyi irin siriyam da lantanam suka dace da shi. A zinotaim zubin mai kusurwa huɗu ne daidai da na zarkon, oksijin takwas ne, gurbin ya matse, sai ƙanana irin itiriyam da disforosiyam. Bambancin farashin kayan biyu daga wannan zubi ya samo asali. Bibiyanait da tirifilait kuwa, wasu ma'adinan fosfet biyu, dukansu ƙarfe da fosfaras za su nuna a allo. Na farko ruwa ne cike a jikinsa, taurinsa bai wuce 2 ba, farce na karce shi, nauyinsa kusan 2.7. Na biyu litiyam ne a cikinsa, taurinsa 4 zuwa 5, nauyinsa kusan 3.5. Na'urar ba ta ganin ruwa, ba ta ganin litiyam, fulorin, kabon ko beriliyam.

Wannan ya shafi masu cinikin litiyam kai tsaye. Ambiligonait, farin fosfet mai litiyam da aluminiyam da ake samu a duwatsun fegmatait, yana ɗauke da oksaid ɗin litiyam, Li2O, kusan kashi 10, ya fi sifodumin ma, dutsen litiyam da aka fi sani. A bindiga aluminiyam da fosfaras kawai zai nuna. Alamar tana da amfani, domin farin dutse mai fosfaras da yawa da nauyi kusan 3.0 ba felsifa ba ne, wanda nauyinsa 2.6 ne. Amma duk wanda ya ce XRF ta hannu ta auna masa litiyam, hasashe aka sayar masa. Litiyam sai na'urar LIBS mai leza ko ɗakin gwaji.

Cike wannan giɓi ba shi da tsada, kuma a ganinmu bai kamata a sayi bindiga ba tare da waɗannan ƙananan kaya ba. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ko 20 yana nuna zarkon dogo-dogo mai tsini a kai biyu da ƙyalli mai kaifi, monazait kuma mulmulalle mai ƙyallin ƙaro. A sa ƙwaya tsakanin gilasai biyu a murza: zarkon zai karce gilashi, monazait zai ruguje. Fitilar UV mai gajeren zango, nanomita 254, takan sa zarkon ya yi hasken rawaya a ɗaki mai duhu, monazait ya yi shiru, nan take a ga yawan gaurayen a faranti. Maganaɗisu mai ƙarfi a cikin leda zai fara kwashe ilmenait, monazait ya biyo da kyar, zarkon da farin yashi su zauna. Nauyi kuma da kwalbar awo mai mililita 50 da sikeli mai auna 0.01 na giram. A auna busasshen yashi giram 20. A auna kwalbar cike da ruwa. A zuba yashin a cikinta, a cika da ruwa, a sake aunawa. Nauyin kwalba da ruwa, a tara da na yashi, a cire awo na ƙarshe, abin da ya rage shi ne ruwan da yashin ya kora. A raba nauyin yashi da shi. Kumfar iska da ta maƙale tsakanin ƙwayoyi tana saukar da sakamako, ɗigon sabulun ruwa ɗaya da girgizawa suna fitar da ita. Kayan da aka ce monazait ne suka ba da 4.3, akwai farin yashi ko ganet a ciki, kome allo ya nuna.

Lokaci-lokaci wani zai harbi dutse, lambobi su fito ba su dace da komai ba, sai zance ya tashi cewa an samu sabon ma'adini. Kusan kullum ma'adinai biyu ko uku ne suka faɗo cikin taga ɗaya. Yadda ake tabbatar da sabon fosfet ya bambanta da wannan nesa ba kusa ba. A watan Satumba na 2022 ƙasar Sin ta sanar da changesite-(Y), fosfet na kalsiyam, itiriyam da ƙarfe, daga ƙasar wata da kumbon Chang'e-5 ya dawo da ita a Disamba 2020. Masana a cibiyar binciken yuraniyam ta Beijing ne suka ware ƙwayarsa, wadda girmanta wajen maikiron 10 ne, suka auna sinadaranta da na'urar ilektiron, suka fitar da zubin kiristal ɗinta da eksire, suka nuna dangin merilait ne mai zubin kusurwa uku, sannan kwamitin sababbin ma'adinai na ƙungiyar masana ma'adinai ta duniya, IMA, ya amince. Da za a sa irinsa a gaban bindiga, kalsiyam da fosfaras da ɗan itiriyam za ta rubuta, abin da afatait gauraye da zinotaim ma zai bayar.

Jikin na'urar yana da ƙwari, amma Legas na gwada shi. Fitowa da ita daga ofis mai sanyin AC zuwa zafin sito yana sa raɓa ta kwanta a taga, a ba ta minti goma kafin a fara aiki. Idonta sanyaya shi ake yi daga ciki, don haka wadda ta yini a but ɗin mota cikin cunkoson hanyar Apapa za ta yi jinkirin daidaita, wani lokaci ta ƙi aiki sai ta huce. A ajiye ta a akwatinta da ƙullin silika mai shan danshi. Batir biyu dole ne, kuma caja ta bi ta na'urar daidaita wuta, ba kai tsaye daga janareta ba. Lalacewar da ta fi tsada ita ce ƙwayar yashi mai kaifi ta huda fatar taga ta taɓa idon da ke bayanta. Fatar ana canza ta cikin minti biyu, a riƙa ajiye guda goma. Idon kuwa sau da yawa sai an fitar da na'urar waje, da dala ake biya, ga makonnin zaman jira.

Sabuwa mai kV 50 da manhajar ma'adinai ta haura dala 20,000, shi ya sa tokumbo ke da kasuwa. Tarkon tokumbo shi ne manhaja. Da yawa daga cikinsu na gwajin ƙarafa ne, irin aikin da 'yan gwangwan na Owode Onirin ke buƙata, raba tagulla da jan ƙarfe da silba. Wannan manhaja tana ɗauka duk abin da ke gabanta ƙarfe ne, sai ta tilasta jimilla ta kai 100. A harbi monazait da ita, za ta raba ɗarin nan ga sinadaran da ta sani, ta ba da lambobi masu kyan gani marasa ma'ana. Manhajar ma'adinai sayenta ake yi dabam, wani lokaci sai an mayar da na'urar ga kamfani. Kafin a biya a tabbatar siriyam, lantanam, niyodimiyam da toriyam suna cikin jerin sinadaranta, a ga ta wuce gwajin kanta a kan ƙarfen 316 da take zuwa da shi, a tambayi shekarun kwalbar. Ga wanda cinikinsa bai wuce 'yan tan a wata ba, ya fi sauƙi ya biya masu na'ura kuɗin harbi, amma ya zo da nasa samfurin a niƙe a bushe, tare da wani da ya riga ya san sakamakonsa daga ɗakin gwaji, ya sa a harba shi ba tare da ya faɗi abin da ke ciki ba.

Na'ura ce mai fitar da eksire, don haka shigo da ita da amfani da ita suna ƙarƙashin hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya, kuma ana neman lasisi. Kada a riƙe samfur a tafin hannu a harba, kada a ɗora shi a cinya. Teburin gwaji mai murfin kariya da ake sayarwa tare da ita ya cancanci kuɗinsa. Sai dai a siton monazait, kayan sun fi na'urar haɗari. Monazait mai oksaid ɗin toriyam, ThO2, kashi 6 yana fitar da tiririn nukiliya na toriyam sama da bekerel 200 a kowane giram (bekerel shi ne ma'aunin tiririn), alhali ƙa'idar sufuri ta duniya ta yafe wa ma'adinan ƙasa ne har zuwa 10 kawai. Kaya ne na aji 7 a jirgin ruwa, wato ajin kaya masu tiririn nukiliya, ba kowane kamfanin jirgi ke ɗauka ba, kuma kwantenar da aka rubuta wa wani suna tana iya tayar da ƙararrawa a tashar da za ta sauka. Nan lambar toriyam da bindiga ke bayarwa a keV 12.97 tana da amfani sosai, tana cikin waɗanda ta fi iya karantawa. Sito ya zama mai iska, kada mai gadi ya kwana a kan buhuna ko kusa da su, mai niƙa ya sa takunkumi, kada a ci abinci ko goro a wurin. Ƙaramin ma'aunin Geiger mai auna tiririn ya kamata ya rataye a ƙofa.

Ga cinikin kwantena, samfurin da aka ɗiba gaban mai saye da mai sayarwa a raba shi uku, a rufe kowanne da hatimi da sa hannun duka biyun. Ɗaya na mai saye, ɗaya na mai kaya, na uku a ajiye don raba gardama. A cikin gida akwai ɗakin gwajin hukumar binciken ƙasa da duwatsu, NGSA, a Kaduna, da cibiyar binciken makamashi, CERT, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da cibiyar bunƙasa harkar ƙarafa, NMDC, a Jos. Kwangila ta faɗi ɗakin gwajin da za a bi, ta faɗi cewa TREO a kan busasshen nauyi ne, ta faɗi yadda za a cire danshi daga awon tan, da tazarar maki nawa tsakanin sakamako biyu za ta sa a buɗe samfur na uku.